Wa Za a Tayar Cikin Dare? Awon Manhaja a Kan Hanyar Gidigir

Wanda ya taso daga Damagaram ya yi gabas a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa Nijar daga Yamai har Diffa da Ngigmi, zai wuce Mirya da Gidimuni kafin ya iso Gidigir, Gure kuma tana gaba kaɗan. Ƙasa ce ta tuddan rairayi da kwarurruka. A cikin kwari ake samun goriba da dabino da kanwa da lambunan rogo da rake, a bisa tudu kuma gero ne da dabbobi. Ran kasuwa Manga da Hausawa da Fulani da Buzaye da Tubawa duk suna haɗuwa, kuma da wuya ka ga dillalin da ba salula a aljihunsa.

Manhajojin da ke aiki a cikin waɗannan wayoyi, daga ta aika kuɗi zuwa ta tura rahoton asibiti, a wani wuri aka rubuta su: Yamai, ko Legas, ko Dakar, ko Oslo. Yamai kanta tana da nisan kimanin kilomita 1,000 daga nan. In manhaja ta tsaya ran kasuwa, babu injiniyan da zai hau babur ya iso kafin la'asar. Waya za a buga masa, in akwai rezo, ya yi ta lalube daga nesa, mai shago kuma yana tsaye da layin mutane a gabansa.

Daga irin wannan wahala ne wasu gogaggun masu rubuta manhaja suka koma auna shawarwarinsu da tambaya guda. In an ba su zaɓi biyu, ba sa fara tambayar wanne ya fi sauri ko wanne ake yayi. Tambayarsu ita ce: wanne zai fi barina in zauna lafiya nan da shekara uku ko biyar? Wasu na ganin wannan lalaci ne aka yi wa ado. Ni ina ganin ma'auni ne mai kyau, kuma ya fi dacewa da Gidigir fiye da Kalifoniya, muddin dai an ƙirga kwanciyar hankalin mutum biyu, wanda ya rubuta da wanda aka miƙa wa.

Haihuwa rana ɗaya ce

Abin da ba a cika gaya wa ɗalibi ba shi ne rubuta manhaja ƙaramin sashe ne na rayuwarta. Robert Glass, wanda ya daɗe yana nazarin sana'ar, ya rubuta a 2002 cewa kula da manhaja bayan an gama ta yana cin kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na duk kuɗin da za a kashe mata. Shekara goma kafin nan, a 1992, Ward Cunningham ya kwatanta aikin gaggawa da bashi: ka ci yau ka wuce, amma ruwa na hawa, kuma duk sa'ar da za ka ɓata kana kewaye wa wannan ɓarakar biyan ruwan ne kake yi, uwar kuɗin tana nan.

Da jiki ake biyan wannan ruwa. Da barcin da aka katse ake biya, da Sallar da aka yi a gaban kwamfuta, da faɗuwar gaba duk lokacin da waya ta yi ƙara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙonewar da gajiyar aiki ke jawowa a cikin kundinta na rarraba cututtuka, a matsayin matsalar da ke fitowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a magance shi ba. Kamfanin Google, a littafin da injiniyoyinsa suka fitar a 2016 kan yadda suke kula da manhajojinsu, ya kafa iyaka: kada aikin kashe gobara da maimaita gyara da hannu ya wuce rabin lokacin injiniya. Ba tausayi kaɗai ya sa suka yi haka ba. Sun lura cewa wanda ke kashe gobara kullum ba ya samun sukunin gyara abin da ke tayar da ita, kuma gajiyayye shi ke yin kuskure na gaba.

Mai kabu-kabu ya san wannan lissafi tun kafin Google. In zai sayi babur, kafin ya tambayi gudunsa sai ya tambayi ko akwai kayan gyaransa a kasuwar garin, kuma ko bakaniken bakin tasha ya iya kwance shi. Dan McKinley, wanda ya yi aiki a kamfanin Etsy, ya faɗi kusan haka a wata maƙala ta 2015 da ta yi suna: a zaɓi fasahar da ta tsufa har ta daina burge kowa, don an riga an san duk hanyoyin da take lalacewa. Ya ce kowane kamfani ya ɗauka yana da damar gwada sabon abu kamar sau uku kacal, ya kashe su inda suka dace.

Ranar da rezo ya ɗauke

Shawara mafi nauyi ga wanda zai rubuta wa yankin Gure manhaja ita ce ya yanke, tun ran farko, ko za ta yi aiki ba tare da intanet ba. Tarihin 'yan shekarun nan ya isa amsa. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021 an rufe intanet ta wayar hannu a Nijar har kimanin kwana goma. A Satumbar wannan shekarar aka kashe layukan sadarwa a duk jihar Zamfara, sannan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ta yanke wutar, ba ta maido ba sai a farkon 2024. Ran 14 ga Maris na 2024 kuma manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankunan Legas suka ji a jikinsu. Wannan fa ban da ɗaukewar yau da kullum, wadda ba ta shiga labarai: janareton eriya ya ƙare da mai, ko mutum ya gangara cikin kwari sandunan rezo suka ɓace.

Manhajar da aka gina bisa zaton intanet na nan kullum, duk ɗaukewa ɗaya kiran waya ɗaya ne ga mai ita. Akwai wanda ya gaji da irin wannan kira har ya canza duniya. A shekarar 2000 wani injiniya Ba'amurke, Richard Hipp, yana aikin manhajar wani jirgin ruwan yaƙi. Manhajar tana dogara da wani rumbun bayanai da ke kan wata kwamfuta daban, wato saba, kuma duk lokacin da sabar ta faɗi, saƙon kuskure a fuskar manhajarsa yake fitowa, laifin ya hau kansa alhali ba shi da iko a kan sabar. Sai ya rubuta rumbun da ba ya buƙatar saba sam, fayil guda ne a cikin na'urar. Shi ne SQLite. Yau yana cikin kowace wayar Android da iPhone, har da Tecno da itel ɗin da ke kasuwar Gidigir, kuma masu kula da shi sun yi alkawarin riƙe shi har 2050.

Misali na kusa yana Kano. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda Evelyn Castle da Adam Thompson suka kafa a 2009, ta yi aiki a yaƙi da shan inna a arewacin Najeriya, inda ake ba masu rigakafi wayoyi su yi yawo da su suna ɗaukar sawun inda suka bi, da yamma a tattara a kwashe bayanan. Da Ebola ta ɓulla a 2014, manhajojin da ƙungiyar ta gina don bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar, a Gini da Laberiya da Saliyo, an ɗora su a kan CouchDB da PouchDB, wato ma'aikaci ya rubuta komai a wayarsa ko babu rezo, in ya samu sai wayar ta daidaita da saba da kanta.

Kada a ɗauka wannan hanya ce mai sauƙi. A watannin farko ita ce ta fi wuya. In ma'aikata biyu suka gyara bayanin yaro ɗaya a wayoyi biyu, kowa a ƙauyensa, sai bayan kwana uku wayoyin suka haɗu da saba, na wa za a ɗauka? Dole a zauna da masu aikin a yanke wannan hukunci tun kafin a rubuta layi ɗaya. CouchDB tana ajiye duka biyun ta nuna cewa akwai saɓani, amma ba za ta san wanda ya fi gaskiya ba. A nan ne ma'aunin ke nuna amfaninsa: bai ce a guji wahala ba, cewa ya yi a sha ta yanzu, da rana, da natsuwa, maimakon a sha ta gutsi-gutsi tsawon shekaru a lokutan da ba a zaɓa ba.

Wani lokaci ma amsar ita ce kada a rubuta manhajar waya ko kaɗan. Binciken masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ya nuna cewa shigowar salula kasuwannin hatsin Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, da kiran waya kawai. Shirin yaƙi da jahilci da ta bibiya tare da Catholic Relief Services a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram ya yi amfani da ƙananan wayoyi masu maɓalli ne, kuma waɗanda suka koyi karatu da su sun fi sauran sakamako. Abdou Maman Kané, ɗan Nijar da ya ƙirƙiro na'urar ban ruwa daga nesa har ya ci kyautar Sarki Hassan na Biyu ta ruwa a 2015, ya sa manomi ya kunna famfonsa da wayar da ke hannunsa tuntuni. Kira da gajeren saƙo ba sa neman sabuntawa duk wata.

Kayan aro

Manhajar zamani ba a rubuta ta daga tushe. Ana harhaɗa ta ne da guntayen da wasu suka rubuta, da ayyukan da ake haya daga kamfanonin waje. Wannan ni'ima ce, ba don ita ba mutum ɗaya a Damagaram ba zai iya gina abin da da sai ma'aikata hamsin ba. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya yi fushi ya janye wani guntun rubutunsa mai layi 11 kacal, mai suna left-pad, sai dubban ayyuka a duniya suka kasa haɗuwa. Facebook ya sayi Parse, mai ba manhajojin waya masauki a sabarsa, a 2013, masu ƙananan manhajoji suka ɗora komai nasu a kai, a Janairun 2016 ya sanar da rufewa ya ba su shekara ɗaya su kwashe kayansu. Heroku, wanda ɗaliban Kano da Zariya da yawa suka koyi aiki a kansa saboda kyauta ne, ya soke tsarin kyautar ran 28 ga Nuwamban 2022. A gida ma an gani: Orange ya sayar da reshensa na Nijar a ƙarshen 2019 ya koma Zamani.

Ga kuma kuɗin haya. Wanda ke Najeriya yana karɓar naira yana biyan saba da dala ya ga tashin hankali tsakanin Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, da Fabrairun 2024 da ta haura 1,500. Manhajarsa ba ta canza ba, masu amfani da ita ba su ƙaru ba, hayar ta ninka uku. Takwaransa na Nijar ya fi shi sauƙi ta nan, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, amma shi ma takunkumin da aka sa wa Nijar bayan juyin mulkin 2023 ya nuna masa cewa hanyar biyan kuɗi zuwa waje tana iya toshewa dare ɗaya. Kafin a ɗauki kowane aro, tambayar da ta kamata ita ce: in mai shi ya karɓe gobe, kwana nawa zan yi kafin in miƙe, kuma bayanan mutane suna hannuna ko suna hannunsa?

Ƙananan abubuwan da ke hana barci

Yawancin kiran dare ba daga manyan bala'o'i yake zuwa ba. Daga ƙananan zato yake zuwa, waɗanda aka shigo da su daga wata ƙasa ba a bincika ba.

Ɗauki gajeren saƙo. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 in duk haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa harsunan Turai. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya ta shiga, sai tsarin ya sauya, iyakar ta koma 70. Saƙo mai harafi 150 da aka yi wa kasafin kuɗin saƙo ɗaya sai ya tafi a gida uku. Ƙungiyar da ke tura wa iyaye mata dubu goma tunin rigakafi za ta ga kuɗinta ya ƙare a sulusin lokaci, a kira injiniya a ce manhajarsa na sata. Ko a bar ƙugiyoyin a saƙo, ko a yi kasafinsu, duka biyun shawara ce mai kyau, rashin yanke ta ne matsalar. A cikin rumbun bayanai kuwa babu uzurin zubar da su, tunda UTF-8 ta warware wannan tun 1992. Sai dai a tuna Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, kuma mai nema ya kamata ya samu ko da wanne ya buga.

Sunaye ma haka. Sa'adu da Rabi'u da Mas'udu suna ɗauke da alamar da ke karya manhajar da aka rubuta da ganganci, kuma ta wannan ƙofa ɗaya ɓarayin intanet ke shiga su kwashe rumbu. Maganinta sananne ne, a raba umarni da bayanin da mutum ya shigar, aikin minti kaɗan ne in an yi tun farko. Mutum ɗaya yana iya zama Ousmane a takardar haihuwa, Usman a katin asibiti. Garin ma Guidiguir ne a takardun gwamnati, Gidigir a bakin mutane da rubutun Hausa. Wanda ya dogara da rubutun suna don gane mutum ko ƙauye zai shekara yana haɗa rahotanni da hannu, wanda ya ba kowane ƙauye lamba tun farko ya huta.

Ranar haihuwa ta fi ban dariya. Dattawa da yawa takardarsu cewa ta yi an haife su wajajen shekara kaza. In manhaja ta ƙi wucewa sai an cika rana da wata, ma'aikaci zai buga 1 ga Janairu ya wuce, a wayi gari rabin ƙauye ranar haihuwarsu ɗaya. In kuma da suna da ranar haihuwa ake gano wanda aka rubuta sau biyu, to za a goge wani bawan Allah daga jerin masu karɓar tallafi saboda sunansa ya zo ɗaya da na maƙwabcinsa.

Sai kuɗi da awo. A kasuwar Nijar da dala ake ƙirge, dala kuwa a nan tamma biyar ce, wato sefa 5. Wanda ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi, jika kuma 1,000. Wakilan kamfanonin aika kuɗi irin su NITA ko Al Izza sun saba juya wannan a kansu ba tare da tunani ba, amma manhajar da za a miƙa wa manomi kai tsaye dole ta san wane ƙirge take nunawa, ko ta nuna hoton takardar kuɗin. Hatsi kuma da tiya ake aunawa, kuma tiyar wata kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta wata ba. Mai hankali zai ajiye abin da aka faɗa yadda aka faɗa, juyawa zuwa kilo ya zama lissafi daban da za a iya gyarawa daga baya.

Akwai kuma lokacin sakin sabon gyara. Ran Juma'a 19 ga Yulin 2024 kamfanin CrowdStrike ya tura wa kowa sabuntawa guda a lokaci ɗaya, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka faɗi, jirage suka kasa tashi. Namu kalandar daban ce. Ba a taɓa manhajar kuɗi a jajibirin Sallah ko daren kasuwa, ba a taɓa ta asibiti a ƙarshen wata da ake haɗa rahoto, ko a tsakiyar damina da ake rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara. A fara da waya biyar, a jira, sannan a tura wa saura, kuma a tabbata akwai hanyar komawa baya.

Hankalin wa?

Ma'aunin yana da ramuka biyu. Na farko, mutum ya fake da shi ya ƙi taɓa komai. Tsohuwar fasaha daban, wadda aka yi watsi da ita daban. An daina kula da harshen rubuta manhaja Python 2 ran 1 ga Janairun 2020 bayan shekaru ana gargaɗi, waɗanda suka yi ta ɗagawa suka yi ƙaura a guje. A Disambar 2021 da aka gano ɓaraka a Log4j, wani guntun aro da ke cikin manhajoji da yawa, waɗanda suka saba sabunta kayansu a kai a kai sun toshe cikin sa'o'i, waɗanda ba su ma san suna ɗauke da ita ba suka kwana suna bincike.

Rami na biyu ya fi zurfi. Injiniya na iya sayen kwanciyar hankalinsa da na wani. In ya sa manhaja ta ƙi karɓar rahoto sai an cika kowane gurbi, rumbunsa zai yi tsaf, amma manjon asibitin karkara, wanda shi ne likita shi ne mai ba da magani shi ne magatakarda, zai kwana yana cike gurabe da fitilar waya. In ya sa manhajar ta yi nauyi don ta fi masa sauƙin rubutawa, mai wayar da ba ta da wurin ajiya shi zai goge hotunan 'ya'yansa. Wannan wahala ba ta ɓacewa. Tana dawowa a matsayin alƙaluman ƙarya da aka cika don a huta, ko a koma wa rajistar takarda a bar kwamfutar hannu a cikin durowa.

Kuma gajiyar mutum ɗaya tana iya zama ƙofa ga kowa. A Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata saba yana jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya gano ɓoyayyar ƙofa da aka dasa a xz, wata ƙaramar manhaja da ke cikin kusan kowace sabar Linux. Mai kula da ita mutum ɗaya ne ɗan sa-kai, ya daɗe yana cewa aikin ya fi ƙarfinsa. Wani da ba a san ko wane ne ba ya yi shekara biyu yana taya shi aiki har ya amince ya ba shi makulli.

A ƙasashenmu wannan mutum ɗaya ya yi yawa. Foroje ya zo da kuɗin shekara uku, a ɗauki matashi mai hazaƙa, shi kuma, ba laifinsa ba ne, ya zaɓi fasahar da za ta ƙawata takardar neman aikinsa na gaba. Foroje ya ƙare, matashi ya samu aiki a Dakar ko Kigali, kalmar sirri ta tafi da shi. Yuganda ta ga irin wannan har ma'aikatar lafiyarta ta dakatar da sababbin gwaje-gwajen manhajar lafiya ta waya a 2012, saboda sun yi yawa kuma ba sa magana da juna. Abin da ya sa DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagoranta tun 2006 kuma Nijar da Najeriya duka suke tattara alƙaluman lafiya da ita, ta daɗe ba kyan fuska ba ne. Ƙasashe sama da 70 na amfani da ita, saboda haka in wanda ya kafa ta a wata gunduma ya tafi, ana samun wani da ya iya.

Wannan ne ya sa zaɓen harshen da za a rubuta manhaja da shi ya kamata ya bi ta ajujuwan Jami'ar André Salifou ta Damagaram da na Maradi da Yamai: me ake koyarwa a can, wa za a iya ɗauka in wannan ya tafi? Hukumar ANSI mai kula da fasahar sadarwa a Nijar, da aka kafa a 2017, da shirin ƙauyuka masu fasaha da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 100 a 2020, sun sa gaba wajen kai rezo karkara, Starlink ma ya shigo Nijar a 2025. Duk wannan zai rage ɗaukewa, amma ba zai biya hayar saba a shekara ta huɗu ba. Magajin gari ko shugaban ƙungiyar manoma da aka kawo wa manhaja kyauta yana da damar tambaya kafin ya sa hannu: da sunan wa aka yi rajistar shafin, wa ke riƙe da kalmar sirri ban da injiniyan, ina kwafin bayanan yake kuma an taɓa gwada maido da shi, nawa ne kuɗin shekara bayan foroje ya tashi, kuma daga wane layi na kasafin gundumar za a fitar da shi.